Wane keke ya dace da zuwa aiki a Maradi?

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Ni ma'aikaci ne, gidana yana can ƙarshen unguwar Zariya, wurin aikina kuma kusa da babbar kasuwa, tsakaninsu kamar kilomita 5. Kuɗin kabu-kabu ya ishe ni, jika guda, wato sefa dubu, nake kashewa kullum zuwa da dawowa. Ina son in sayi keke amma na rasa wanda zan ɗauka: Phoenix, ko na hannu ɗan Japan, ko sababbin nan masu giya 21 da sifirin gaba da baya? Daga ƙofar gidana zuwa kwalta rairayi ne, kuma ina tafiya da jaka mai kwamfuta.

Amsa: Lafiya lau ɗana, Allah ya yi albarka. Shawarar da ka yanke mai kyau ce. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, man da ke shigo mana daga can ya daina araha, kuɗin kabu-kabu da na adaidaita suka bi shi. A lissafinka, jika guda sau kwana 22 na aiki jika 22 ke nan a wata, ka ga a ƴan watanni keke ya mayar maka da kuɗinsa. Kilomita 5 kuwa ba wata tafiya ba ce ga mai keke, minti 20 zuwa 25 ne ba tare da ka wahalar da kanka ba.

Na daɗe ina gyaran keke a garin nan, kuma abin da ke kawo mini kekuna a lalace bai sauya ba: rairayi, ƙaya da ƙura. Tudu ba ya cikin lissafin. Tun bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 da aka mayar da gari bisa tudu, yawancin Maradi shimfiɗe yake, in ban da gangaren da ke sauka wajen tsofaffin unguwanni da fadama. Saboda haka in ka tsaya gaban keke, kada ka fara da ƙirga giya. Duƙa ka dubi tayarsa, sannan ka tambayi kanka: in wani abu ya karye a jikinsa da ƙarfe bakwai na safe, mai facin da ke bakin hanyata yana da irinsa a akwatinsa? Duk maganar zaɓen keke da zan yi maka a kan waɗannan biyun take.

Bari in fara kawar da wanda ba na so ka saya. Sabon keken nan mai sheƙi, mai sifirin gaba da baya, wanda ake sayarwa da araha, ka bar shi inda ka gan shi. Sifirin ɗin ba shi da mai a ciki, ƙarfe ne murɗaɗɗe kawai, ƙura na shiga ya sandare ko ya riƙa girgiɗi. Mahaɗar da ke tsakiyar jikinsa tana sakewa, keken ya riƙa lilo, kuma ba a samun madadinta. Yana da nauyi, yana shanye ƙarfin ƙafarka duk lokacin da ka taka, kuma mafi muni gare ka, ba shi da wurin ɗaura kariya mai ƙarfi. Na ga ma'aikata da yawa sun saye shi don kyan gani, kafin damina ta zagayo yana jingine a zaure.

Phoenix kuwa ina ganin girmansa. A Shanghai ake ƙera shi, bisa fasalin tsohon Raleigh na Ingila, wanda iyayenmu ke ce wa Rali, har masana'antarsa aka yi a Kano. Ƙarfe ne zalla, in ya tsage kowane mai walda zai ɗinke shi. Kariyarsa tana ɗaukar buhu, sarƙarsa a rufe take ba ta cin wando, zamansa a miƙe ba ciwon baya, kayan gyaransa kuwa har a kasuwar ƙauye akwai. Da Najeriya ta rufe iyakarta daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, masu irin wannan keken ba su sha wahalar da masu baƙin kekuna suka sha ba. Amma yana da aibi, kuma aibin ya shafe ka kai tsaye. Nauyinsa ya kai kilo 20 ko fiye, giyarsa ɗaya ce kuma mai tauri, faɗin tayarsa bai wuce milimita 40 ba. A kan kwalta yana tafiya lafiya lau, yana shiga rairayi mai zurfi sai ka sauka. Birkinsa na sanda a kan gargaren ƙarfe ba ya kamawa sosai in ya jiƙe. Sannan na yanzu ba su kai na da nagarta ba, sai an kwance an sake ɗaurewa, an zuba giris, an daidaita wayoyin ƙafa kafin a hau. In zuciyarka ta tsaya a kansa, ka sa a cire ƙaramin haƙorin baya mai 18 a sa mai 20 ko 22, a ƙara wa sarƙa gaɓa. Gudu zai ɗan ragu, amma taku zai yi laushi, gwiwarka ta huta.

Ɗan Japan na hannu, mai kwando a gaba, keke ne mai tsabtar ƙira. Yawancinsu suna zuwa da madigadi, da makulli a ƙafar baya, da fitila mai aiki da juyin ƙafa, wasu da giya uku a ɓoye cikin cibiyar ƙafar baya, ƙirar Shimano Nexus, wadda ƙura ba ta kai gare ta. Ba shi da sanda a tsakiya, don haka mai doguwar riga ko mace za ta hau ba wahala. Da a ce gidanka a bakin kwalta yake, da shi zan ce ka ɗauka ba gardama. Sai dai an yi shi ne don titin Japan. Tayarsa siririya ce, milimita 35 zuwa 37, jikinsa ba ya barin a sa mai faɗi sosai, kuma in giyar cikin cibiya ta lalace ba kowane mai gyara ke iya buɗe ta ba.

Wanda zan zaɓa maka shi ne tsohon keken daji, wato na hawan dutse, na hannu, mai ƙafa inci 26, jikin ƙarfe, ba sifirin ko ɗaya, irin waɗanda aka yi da yawa a shekarun 1990 suke shigowa daga Turai. Ba ya ɗaukar ido, sau da yawa fentinsa ya koɗe, shi ya sa ma ba ya tsada kamar yadda ya cancanta. Yana karɓar taya mai faɗin milimita 50 zuwa 54, yana da ramukan ɗaura kariya da madigadi, birkinsa na waya yana kamawa a kan gargaren alminiyam ko da ruwa, kuma tayarsa da tif ɗinsa suna ko'ina. Giyar da ke jikinsa, in ta Shimano ce kuma tana aiki, ka bar ta. Amfaninta gare ka ba gudu ba ne, samun taku mai laushi ne a cikin rairayi da ranar da iskar hunturu ta tare ka gaba da gaba. A zahiri giya biyu ko uku za ka riƙa amfani da su. In kuwa ta lalace ta fi ƙarfin gyara, a gajarta sarƙa a mayar da shi mai giya ɗaya, ya ci gaba da yi maka aiki.

Yanzu ga maganar taya, wadda nake so ka natsu a kanta, domin nan ake yawan asarar kuɗi. Inci 26 ba iri ɗaya ba ne. Tayar keken daji da aka rubuta wa 26 x 1.95 da ta ɗan Japan da aka rubuta wa 26 x 1 3/8 ba sa shiga gargare ɗaya, ko da mai kanti ya rantse. Ka duba gefen taya, za ka ga wata lamba mai kashi biyu, misali 50-559. Ta farko faɗi ce, ta biyu kuma girman gargare ne da milimita, ita ce gaskiyar magana. Keken daji 559 ne, ɗan Japan yawanci 590, wasu manyansu 630, Phoenix 635, kekunan Turai na titi kuma 622, waɗanda su ma wani lokaci ake rubuta musu 28. Ka rubuta lambar kekenka a wayarka, duk ranar da za ka sayi taya ko tif da ita za ka saya. Haka bawul, wato bakin da ake hura wa tif iska: akwai irin na mota, akwai na Phoenix mai ƴar roba a ciki, akwai siriri na keken tsere. Ka nemi irin na mota, domin kowane mai faci na moto zai iya yi maka iska.

Kada ka ɗauki taya mai manyan ƙuraje irin ta hawan dutse. Yawancin tafiyarka kwalta ce, ƙurajen sai ƙugi da nauyi, kuma su cinye da wuri. Nemi mai faɗi wadda tsakiyarta ke da santsi, gefenta da ɗan zane. Abin da ke ɗaukar keke a kan rairayi faɗin taya ne da sassaucin iska. Mutane suna son a cika taya da iska ta yi tauri kamar dutse, suna ganin hakan ne lafiya, alhali taya mai tauri yanka rairayi take yi ta nutse. Ga mai matsakaicin jiki a kan taya mai faɗin milimita 50, iska 2.5 zuwa 3 a ma'aunin da ake kira bar ta isa, ta baya ta ɗan fi ta gaba. In ba ma'auni, danna da babban yatsa da ƙarfi, ta ɗan lotsa kaɗan. Kada kuma ka wuce gona da iri: in iska ta yi ƙasa sosai, kana dukan bakin rami gargare zai cije tif ya yi huda biyu jere. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kada ka bar keke mai cikakkiyar iska a rana, tsohon faci yana ɗagowa, tif mai rauni yana fashewa. Nemi inuwa ko da ta bango ce.

Ƙaya kuwa ba a gama da ita, ragewa ake yi. Tsidau shi ne babban abokin gaba, musamman bayan damina in ya bushe ya watsu a gefen hanya, sai ƙayar aduwa da ake shinge da ita. Ka sa mai gyara ya samo tsohuwar taya da ta siɗe, ya yanke wayoyin bakinta biyu, ya shimfiɗa ta a cikin sabuwar tsakaninta da tif. Keken zai ɗan ƙara nauyi, amma yawancin tsidau ba zai kai ga tif ba. A tabbata an gyara bakin yankan ya yi laushi, in ba haka ba shi da kansa zai ci tif. A duba kuma robar da ke rufe kawunan wayoyi a cikin gargare, hudar da ke fitowa ta cikin ciki daga nan take. Duk lokacin da aka yi maka faci, kada ka bari a mayar da tif sai an shafa cikin taya da yatsa an zare ƙayar. Kai ma in ka iso gida ka juya ƙafafun ka cire abin da ya maƙale kafin ya nutse. A jakarka kullum a samu tif guda, ƙaramin famfo, da ƙarafan cire taya biyu. Sauya tif minti goma ne in ka saba, facin ka bari sai yamma.

Shiga rairayi ma da dabararsa. Sauka zuwa giya mai laushi tun kafin ka shiga, ja jikinka baya a kan sirdi, sassauta riƙon kan keke, ka ci gaba da takawa ba tsayawa. Kada ka taɓa birkin gaba, kada ka karya kwana da ƙarfi. Bi sawun da moto suka danne. Inda ya yi zurfi ƙwarai ka sauka ka tura, ba abin kunya ba ne.

Ranar saye ka tafi da rana, kuma in da hali ka tafi da mai gyaran da zai riƙa duba maka shi. Fara da wuyan keke, inda sandunan jiki suka haɗu da shi: in fenti ya yamutse ko ya tsattsage a wurin, ko ka shafa ƙarƙashi ka ji kumburi, keken ya taɓa karo, ka bar shi komai arha. Tsaya daga gaba ka duba ko ƙafafu biyu suna kan layi ɗaya. Ɗaga kowace ƙafa ka juya ta ka ga ko tana rawa, ka girgiza ta gefe da gefe ka ji ko boris, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke cikin cibiya, ya saki. Kama feda ka girgiza haka nan. Matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in ka ji ƙwas-ƙwas a wuya akwai gyara. Sassauta sandar sirdi ka ga tana hawa tana sauka, domin wadda tsatsa ta kama ta kan gagari kowa. Dubi haƙoran sarƙa, in sun yi tsini sun karkace sun gama aiki. Taya, sarƙa, wayar birki, robar birki da boris duk abubuwan sauyawa ne, ka rage kuɗi da su a ciniki. Jiki da gargare su ne keken. Kada ka zuba duk kuɗinka a saye, ka ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu don taya, kariya, fitila da makulli.

Girma kuma ya dace da kai. Ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, tafinka a ƙasa, a samu tazarar yatsu uku ko huɗu tsakaninka da sandar sama. Tsayin sirdi: zauna, ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe sarai. In ka mayar da gaban tafin kan feda, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa, daidai ke nan. Yawancin masu kukan ciwon gwiwa sirdinsu ne ya yi ƙasa. A jikin sandar sirdi akwai zanen iyaka, kada a zaro ta ta wuce shi. Kan keken daji yakan yi ƙasa, ka sa a sauya maka da mai ɗagowa don ka zauna a miƙe ka ga hanya.

Jakar kwamfuta kada ta hau bayanka, in ba haka ba za ka isa biro, wato ofis, rigarka sharkaf. A ɗaura kariya mai ƙafafu da ke kama jikin keke da noti, a kafa mata akwati ko kwando, a shimfiɗa soso a ƙasa. Kwamfutar ka kashe ta gaba ɗaya, ka sa ta a rigarta mai laushi, ka ɗaure kada ta riƙa tsalle. Daga watan Yuni zuwa Satumba babbar leda ta zauna a cikin akwatin. Madigadi dole ne a damina saboda ruwan kwata, amma a bar tazara tsakaninsa da taya kada laka ta cushe. Ƙafar wandon dama ka ɗaure ta da roba, ko a sa wa sarƙa murfi.

Sarƙa ita ce ƙura ta fi ci. Ina roƙonka kada ka bari a zuba mata baƙin man moto. Yana kama rairayi, su haɗu su riƙa niƙa sarƙar da haƙora tare. A wanke ta da kananzir, ta bushe, a ɗiga man keken ɗinki ko wani mai marar kauri a kowace gaɓa, sannan a goge bayanta da tsumma har ta kusa bushewa. Man da ke ciki shi ke aiki. A hunturu kowane mako, sauran lokaci in ka ji ta fara ƙara. Kana iya auna ta da kanka: daga tsakiyar ƙusa zuwa ƙusa ta 24 a gabanta, sabuwar sarƙa santimita 30.5 ce. In ta kai 30.8 ta ƙare, kuma ta fara cin haƙora, gara ka sauya ta tun ba ta kai nan ba. Sau ɗaya a shekara, bayan damina, a kwance cibiyoyi da wuya da wurin feda a sa sabon giris. In za ka cire feda da kanka, ka tuna ta hagu a juye zarenta yake.

A kan hanya, fitila ta fi komai muhimmanci, kuma ta baya ta fi ta gaba. Ja a baya, fara a gaba, irin masu caji da wayar salula, ka riƙa cire su in ka ajiye keke. Tsakanin magariba da isha'i, ga ƙura ga hayaƙi ga kowa na sauri, lokacin ne direba ba ya ganin mai keke. Riƙe hannunka na dama, kada ka bi hanya a juye don gajarta tafiya. Manyan motocin da ke bin hanyar Ɗan Isa da ta Yamai zuwa Damagaram kada ka taɓa shiga gefensu a kwana ko a shataletale, direban ba ya ganinka, ƙafafun baya kuma suna yanko ciki. Ka miƙa hannu kafin ka juya, ka sa ƙararrawa, ka kula da ƙofar motar da ta tsaya da amalanken da ba shi da fitila. Hular kwano ta keke mai ramukan iska ba ta da nauyi, ka saya ka sa. In akwai wata hanya ta cikin unguwa mai dandaɓe ko burji da ta fi natsuwa, ko ta ƙara maka rabin kilomita ka bi ta.

Zafi kuma a bi shi da lalama. Fita da wuri, taka a hankali, minti biyar na ƙarshe ka sassauta don gumi ya tsaya kafin ka isa. Ajiye riga guda da ƙaramin tawul a biro, ka riƙe gorar ruwa. A hunturu ka rufe hanci da baki, ka sa tabarau. Da azumi in ya faɗo a bazara, ko ranar da ka tashi aiki da rana tsaka, ba laifi ka jira rana ta yi sanyi ko ka hau adaidaita. Makon farko cinyoyi da mazaunai za su yi tsami, ka fara da kwana uku a mako, jiki zai saba. Wasu abokan aiki za su yi maka kallon wanda ya rasa kuɗin moto, wannan na san yana damun matasa, amma kai ka san abin da ke saura a aljihunka ƙarshen wata, kuma lafiyar da za ka samu ba ta sayuwa.

Saura tsaro. Makullin waya siriri da almakashin ƙarfe ake datse shi nan take. Sayi sarƙa mai kauri da kwaɗo mai kyau, ka zura ta cikin jikin keke da ƙafar baya, ka haɗa da ƙarfe ko ginshiƙin da ba ya ciruwa. In ƙafafu da sirdi irin waɗanda ake kwancewa da hannu ba sifana ne, a sauya su da noti. A biro ka shigar da shi ciki ka gabatar da shi ga mai gadi, a masallaci da kasuwa ma ka kulle ko minti biyu za ka yi. Kifa keken ka duba ƙarƙashin wurin feda, yawanci nan lambar jikinsa take, ka ɗauki hotonta da na keken. Wanda ya sayar maka kuma ya rubuta maka takarda mai ɗauke da wannan lambar, da kwanan wata, da sa hannun shaidu biyu. In ya ƙi rubutawa, ko ka ga an goge lambar, ka mayar da kuɗinka aljihu ka nemi wani.